Adireshin Haɗaka da Sunan Yaya Habibu

Damina biyar ke nan da muka kai Yaya Habibu makwancinsa a Gwarzo. Da damina nake lissafin rasuwarsa, saboda shi ma da ita yake lissafin komai. Malamin gona ne, in ka tambaye shi shekarun 'yarsa sai ya ce maka an haife ta shekarar da tsutsa ta cinye masara. Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, shi ya tsaya mini har na zama malamin makaranta. Duk shekara idan wannan lokaci ya zagayo nakan yi masa sadaka, in kai ziyara kabarinsa, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, kuma zan faɗi dalili.

Wanda bai san shi ba, ga shi a taƙaice. Mutum ne da ake aika wa idan an yi rigimar iyakar gona. Daga Sabon Birni har zuwa Dugabau da Durun ta ɓangaren Kabo, in maƙwabta biyu suka ɗaga murya a kan kunya ɗaya, sai dattawa su ce a bari Malam Habibu ya zo. Zai iso a tsohon babur ɗinsa, ya zaga gonar, ya tambayi wannan ya tambayi wancan, ya tsaya ya ce nan ne, magana ta ƙare. In liman ya yi tafiya, shi ake turawa gaba. Ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba: yana da taurin kai, yana da dogon bayani, in ya kama yi maka bayanin taki sai shayinka ya huce a hannunka. Amma ban taɓa jin wanda ya ce ya ci masa ko ƙwayar gero ba, sai bayan abin da zan ba ku labari.

Da ya yi ritaya sai ƙungiyar manoman yankinmu ta naɗa shi sakatare. A lokacin ne ya sayi na'urar intanet ta gida, wadda ake kira rauta, daga wani kamfanin sadarwa. Yana cikin na farko-farko da suka saye ta a unguwarmu. Da yake sabis ba ya shiga ɗaki sosai, sai ya samo doguwar gora ya kafa a tsakar gida, ya ɗaure eriya a samanta. Mutane suka sa mata suna tutar Malam Habibu. Shi kuwa har alfahari yake yi da ita, in baƙo ya zo sai ya fito da shi tsakar gida ya nuna masa.

Ana nan sai wata hukuma, wadda ba zan ambaci sunanta ba, ta fito da shirin raba taki da ingantaccen iri. Sharaɗin shi ne a yi rajista ta intanet, ta hannun wakilan da ta amince da su. Aka amince da Yaya. Ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya ɗora kwamfuta a kan ƙaramin teburi, manoma suka riƙa zuwa daga ƙauyuka ana shigar da su. Bai yarda ya sa sunan wanda ba shi da gona ba. Alhaji Sale, wanda shi ne shugaban reshen ƙungiyar a Durun, ya nemi a sa masa sunan ɗansa da ke sana'a a Legas. Yaya ya tambaye shi gonar yaron tana ina, Alhaji ya yi dariya, Yaya bai yi ba. Ba a sa sunan ba.

Ranar da motocin taki suka zo, manomanmu suka tafi da amalanke da babura. Aka kira sunaye har aka gama, ba a kira ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda Yaya ya shigar ba. Da hayaniya ta yi yawa sai jami'in hukumar ya fito ya yi bayani a gaban jama'a. Ya ce daga adireshin intanet na wakilinsu an shigo da sunayen bogi masu yawa, don haka kwamfutar hukumar ta soke duk sunan da ya fito daga wannan adireshi, ta kuma rufe wakilcin. Yaya yana tsaye a wurin, hularsa a hannu saboda zafi. Duk idanu suka juyo kansa.

Ba zan ga laifin fushin manoma ba. Ruwa ya riga ya sauka, masara ta fito, kuma ita ba ta jiran kowa, in lokacin takinta ya wuce ya wuce. Da yawansu ba su tanadi komai ba saboda sun dogara da wannan rabo. A waccan daminar na bi hanyar Dugabau na ga gonaki sun yi rawaya, kara siriri, goyon da bai kai tafin hannu ba. Wanda ya yi asara irin wannan dole ya nemi wanda zai ɗora wa, kuma Yaya ne mafi kusa.

Ni na raka shi Kano ofishin kamfanin sadarwar. Bayan an yi ta tura mu daga wannan tebur zuwa wancan, aka haɗa mu da wani manaja, wanda ya yi mana bayani cikin ladabi. Ya ce duk abin da ya hau intanet sai an ba shi wata lamba da ake kira adireshi, da ita shafukan da kake shiga suke gane inda saƙo ya fito da inda za su mayar da amsa. Ya ce tun da aka tsara waɗannan lambobi ba a yi zaton duniya za ta cika da wayoyi haka ba, ga shi sun ƙare, babu sababbin da za a raba. Saboda haka kamfanoni suka koma haɗa gidaje masu yawa a bayan adireshi guda. Kai a Gwarzo, wani a Zariya, wani a inda ba ka taɓa jin sunansa ba, duk da lamba ɗaya kuke fita. Shafin da ke can nesa ba ya ganinku ɗaiɗai, mutum guda yake gani. In ɗaya ya yi ɓarna, duk ku aka gani.

Yaya ya dube shi ya ce, "To ni da wa nake tarayya?"

Manajan ya ce ba su da ikon faɗa. Yaya ya roƙi a ba shi takarda mai hatimin kamfani da za ta ce adireshin ba nasa ne shi kaɗai ba. Aka ce ba sa ba da irin wannan takarda, ai maganar tarayyar tana cikin sharuɗɗan da ya amince da su ranar da ya sayi na'urar. In yana son adireshi nasa na kansa, akwai tsarin da ake yi wa manyan 'yan kasuwa, sai ya koma can. Manajan ya ƙara da cewa an ma ƙirƙiro sabon tsarin lambobi mai yalwar da ba za ta ƙare ba, kuma kamfaninsu yana kan hanyar komawa kansa. Muka koma wurin hukumar, suka ce su adireshi kawai suke gani, mu koma kamfani. Kamfani ya ce sai da umarnin kotu. Lauyan da muka tuntuɓa ya ce kafin a samo umarnin, da wuya in bayanan wancan lokacin suna nan. Haka muka yi ta zarya har damina ta wuce.

Abin da ya fi ci mini rai idan na tuna shi ne farin cikin da Yaya ya dawo da shi daga tafiyar farko. A mota yana ta cewa alhamdulillahi, gaskiya ta fito. Shi a zatonsa bayani kawai ya rage, kuma bayani ai sana'arsa ce. Ya tara shugabannin ƙungiya a majalisar da suke zama bayan la'asar, ya kawo musu misalin da kowa ya sani. Ya tuna musu lokacin muna yara a Sabon Birni, duk wasiƙun gari ta akwatin gidan waya na makarantar firamare suke zuwa, hedimasta ya rarraba. Akwati ɗaya, mutane da yawa. Ya ce bambancin kawai shi ne a wancan zamani akwai sunan mai wasiƙa a bayan ambulan, yanzu kuwa kamfani ne kaɗai ya san sunan, kuma ya ƙi faɗa.

Alhaji Sale ya bari har ya gama, sannan ya gyara zama ya ce, "Malam, mu fa aka sa muka yi layi a rana, aka ɗauki hotonmu, aka ɗauki yatsunmu, aka ce kowane layi da mai shi, wanda ya yi laifi da layinsa za a kama shi. Kai ma haka aka yi maka da ka sayi abin nan. Yanzu kuma ka ce taka lambar ta kowa da kowa ce?"

Babu wanda ya yi dariya. Amma na ga kawuna suna gyaɗawa. Maganar Alhaji ta dace da abin da suka gani da idonsu, ta Yaya kuwa labarin wani manaja ne a Kano da babu wanda ya san shi, babu ko takarda. Daga baya na ji Alhajin yana cewa ashe shi ya sa aka hana ɗansa, don a bar gurbin waɗanda Malam ya ƙirƙiro.

Wanda bai san garuruwanmu ba zai zaci zagi ya biyo baya. Ba a zage shi ba ko sau ɗaya. Mu ba haka muke hukunta dattijo ba. Gaisuwa ce ta gajarce. Mutumin da a da zai tsayar da babur ya sauko, ya tambaye shi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, ya tambayi gona, ya koma ya sake tambayar gida, yanzu sai ya ɗaga hannu ya ce, Malam ina kwana, kafin a amsa ya yi gaba. Aka yi rigimar iyaka a Dugabau, aka kira wani. Liman ya tafi Umara, da aka tada iƙama Yaya yana sahun farko inda ya saba, sai ladan ya waiwaya ya taɓa kafaɗar na kusa da Yaya don ya ja sallar. Ina tsaye a sahu na biyu, na ga ƙeyar Yaya ba ta motsa ba. Daga ranar ya koma zuwa masallaci a makare, don ya tsaya a baya.

Na ba shi shawara ya sauke gorar nan ya huta, tunda duk wanda ya wuce ƙofar gidan sai ya ɗaga kai ya kalle ta. Ya ƙi. Ya ce in ya sauke za a ce ya ɓoye kayan aiki. Ya daina zuwa majalisa, ya daina dogon bayaninsa, har na riƙa tsokanarsa da tambayar taki don in ji ya yi magana, sai ya ba ni amsa da kalma biyu. Hawan jini ya kama shi, daga baya ɓarin jikinsa ya shanye. Damina biyu ya yi bayan abin ya faru. Ba na cewa adireshi ne ya kashe shi, ajali na Allah ne kuma na yarda da haka. Abin da na gani da idona kawai nake faɗa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai leƙo Gwarzo ta yau. Tutar da ake yi masa dariya a kanta yanzu ta zama ruwan dare, gidaje da shaguna da yawa a Gwarzo da Kabo suna da rauta. Kuma ciwon da ya kama shi kaɗai yanzu kowa yana ɗanɗanawa, sai dai da sauƙi-sauƙi. Ka buɗe shafi a ce ka tabbatar kai mutum ne, a jero maka hotuna ka zaɓi masu fitilar ba da hannu, kai da garinku babu ko ɗaya. Ka shiga neman abu a ce ka riga ka gwada sau da yawa yau, alhali yanzu ka kunna na'ura. Wani shafin ya yi maka maraba da zuwa daga Legas kana zaune a zaurenka. Matasa sun saba, sai su kashe rautar su kunna ko Allah zai sa a jefa su cikin wasu abokan tarayyar da suka fi kirki. Sabon tsarin nan mai yalwa kuwa, damina bakwai ke nan da aka ce mana ana kan hanya, ni dai ban ga ya iso gidana ba. Ban yi mamaki ba. In an yi gyaran, kamfani zai ci wa kuɗi, rashin gyaran kuwa mu yake ci wa mutunci, kuma ba mu muke yanke shawara ba.

Alhaji Sale ma ya sayi tasa. Ya haɗa kyamara a gidan kajinsa don ya riƙa kallo ta waya in ya yi tafiya, aka yi ta fama ta ƙi nunawa daga nesa. Mai haɗawar ya ce masa irin wannan kyamara sai da adireshin da yake naka kai kaɗai, don ba a iya ƙwanƙwasa ƙofar da gidaje da yawa ke bayanta a san wa ake nema. Bai gama hucewa ba sai wani shafin neman aiki ya rufe wa ƙaramin ɗansa hanya, wai an yi maguɗi daga adireshinsu. Ina zaune a majalisa a kasuwar Kabo ya zo yana kumfar baki, yana cewa kamfanin nan azzalumi ne, ya haɗa mutanen kirki da ɓarayi a lamba ɗaya. Jama'a suka yi ta taya shi. Na bari ya numfasa, na ce masa, "Alhaji, ai abin da Yaya Habibu ya faɗa muku ke nan."

Ya dube ni ya ce, "Malam Sani, wannan daban, wancan daban. Allah dai ya jiƙan na ƙasa."

Aka shiga hirar farashin masara. Na gane a ranar cewa ba rashin fahimta ba ne ya rage. Sun fahimta sarai, tunda abin ya taɓa su. Yarda da Yaya tana nufin mutum ya yarda cewa shekara biyu ya yi yana wuce dattijo marar laifi da gaisuwar ɗaga hannu, har ya mutu. Babu wanda yake son ɗaukar wannan, ya fi sauƙi a bar shi a kan wanda ba zai iya tashi ya yi magana ba.

Duk wannan da na haɗiye shi kamar yadda na saba, ba don Rukayya ba. Ita ce autar Yaya, wadda aka haifa shekarar tsutsa, kuma ni ne waliyyinta yanzu. Shekarar da ta wuce wani yaro ya fito nemanta, magana ta yi nisa, manyansa suka shiga bincike kamar yadda aka saba yi kafin aure. Daga nan ba mu sake jin ɗuriyarsu ba, ba su kuma ce ga dalili ba. Yarinyar ta rame. Bana Allah ya kawo wani daga Kabo, yaro mai hankali, ita ma tana son sa. Da aka sa ranar zuwan manyansa, mahaifiyarta ta kira ni ta roƙe ni, ta ce don Allah duk abin da za su faɗa kada in tayar da tsohuwar magana, yarinyar ba za ta iya ɗaukar na biyu ba.

Suka zo da goro da alawa, muka zauna a zauren Yaya, a kan tabarma, daidai inda yake ajiye teburinsa. Jagoransu baffan yaron ne, Alhaji Ado, dattijo mai nutsuwa da ban ga mugunta a fuskarsa ba. Aka yi gaisuwa cikakkiya, irin wadda zauren ya daɗe bai ji ba. Sannan ya sassauta murya ya ce, "Malam Sani, mun yi bincike, har Durun mun aika. Yarinya ba ta da aibu. Abin da mahaifinta ya yi kuwa mun ji, kuma ba za mu ɗora wa 'ya ba. Ɗan Adam ne, kowa yana kuskure."

Na yi alkawarin shiru, amma bakina ya riga ni. Na fara cewa Alhaji ai ba haka abin yake ba, akwai wata lamba da kamfani ke haɗa mutane a kanta. Na ji muryata tana kama da ta Yaya a majalisa. Alhaji Ado ya ɗaga hannu a hankali, cikin tausayi, ya ce ba sai na kare shi ba, ɗan'uwana ne, sun fahimta. Ya buɗe tafukansa ya ce, "Allah ya gafarta masa abin da ya yi, ya sa ya huta."

Duk zauren ya ce amin. Wa zai ƙi amsa addu'ar gafara ga mamaci, balle wansa? Na san Rukayya da uwarta suna bayan ƙofa suna ji. Na buɗe nawa tafukan na ce amin, na shafa, muka karɓi goro, aka sa rana bayan kaka.

Da suka tafi Rukayya ta shigo kwashe kofuna. Ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Baffa, na gode." Sai da ta kai bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "Amma Baba bai yi ba, ko?" Na ce mata bai yi ba. Ta gyaɗa kai ta shige. Yarinyar da ta girma a gidan, ta ga yadda ya rayu da yadda ya ƙare, ita ma sai da ta tambaya.

To me ya rage na Yaya Habibu bayan damina biyar? Gorar ta ruɓe ta faɗi da kanta a bara. Kamfanin yana nan yana sayar da na'urorinsa, wanda ya cusa sunayen bogin yana wani gari, wataƙila bai ma taɓa jin akwai Gwarzo ba. Abin da ya rage shi ne iyakokin da ya tsayar. Na bincika a Sabon Birni da Dugabau da Durun, babu guda da aka tayar, har da wadda ta raba gonar Alhaji Sale da ta ƙaninsa. In matasa suka so tayar da rigima, dattawa sukan nuna wurin su ce nan Malam Habibu ya ce, kowa ya koma gida. Sun yarda da maganarsa a kan gonakinsu har yau, maganar da ya yi a kan kansa ce kawai ba su yarda da ita ba.

Bayan kaka in Allah ya kai mu zan zauna a gaban liman in ba da auren Rukayya 'yar Malam Habibu. Waɗanda suka daina tsayawa su gaishe shi duk za su zo, za su ci goro, za su yi masa addu'a irin ta Alhaji Ado, ni kuma zan sake cewa amin. Shi ya sa na rubuta a nan, inda ba wanda zai ɗaga mini hannu kafin in gama: Yaya Habibu bai yi ba. Allah ya gafarta masa zunubansa na gaskiya, waɗanda shi da Ubangijinsa suka sani. Wannan kam ba ya ciki.